Tsara Fitilun Kalmomi a Manhajar Tantance Magana ta Cibiyoyin Amsa Kira

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake tsara fitilun kalmomin da manhaja ke nema a kiraye-kirayen da cibiyoyin kula da kwastomomi ke naɗa. Ta nuna cewa amfanin kalma ya rataya ne ga rukuninta da wanda ya furta ta da lokacin da aka furta ta.

Hanyoyin gano kalma

Manhajojin tantance magana, irin na kamfanonin NICE da Verint da CallMiner, suna gano kalma ta hanyoyi biyu. Ta farko tana mayar da zancen gaba ɗaya rubutu, sannan a bincika rubutun. Rauninta shi ne kalmar da ba ta cikin ƙamusun manhajar da wuya ta fito daidai. Ta biyu tana rarraba murya zuwa ƙwayoyin sauti, a nemi jerin sautukan da suka dace da kalmar. Da ita aka san kamfanin Nexidia, wanda NICE ya saya a 2016. Takan kamo sabon sunan kaya ba tare da an koya mata ba, sai dai takan rikita kalmomi masu kama da juna.

Layin waya na gargajiya yana ɗaukar sauti ne tsakanin hatis 300 da 3,400, don haka bambancin "s" da "f" kan dusashe. Shi ya sa gajeriyar kalma tilo ba abin dogaro ba ce. Yankin jimla ya fi ta.

Karkasa kalmomi

Dogon jeri mara rukuni yakan cika wa mai sa ido allo da sakamakon da ba zai iya aiki da shi ba. Ana gina kowane rukuni ne a kan matakin da za a ɗauka idan kalmar ta bayyana. Akwai rukunin bin ƙa'ida, kamar sanar da kwastoma cewa ana naɗar kiran. Akwai na alamun barin kamfani, irin su "a rufe mini asusu" ko ambaton abokin gasa, da na ƙorafin da ya yi tsanani, irin su "haɗa ni da manaja". Rukunin bayanan sirri ya fi kowanne muhimmanci, domin ƙa'idar PCI DSS ta hana adana lambar tsaro ta katin banki bayan an amince da ciniki. Da zarar an ambaci lambobin bayan kati, wajibi ne a goge wannan gaɓar daga abin da aka naɗa.

Rukuni kaɗai bai wadatar ba. Kalmar "soke" a bakin ma'aikaci tana iya zama bayanin ƙa'ida, a bakin kwastoma kuwa barazanar tafiya ce, saboda haka ake naɗar muryoyin biyu a tashoshi daban-daban. Sanarwar naɗa kira kuma a farkon zance take da ƙima. Sai matsalar korewa, wadda ke da nauyi a cibiyoyin da ke amsa kira da Hausa: a jimlar "ban ce a soke ba", korewar ta kewaye kalmar gaba da baya, dole manhajar ta duba ɓangarorin biyu. Ga kuma surkin Hausa da Ingilishi, wanda ke tilasta sanya lafazi fiye da ɗaya ga kalma guda.

Gwaji da doka

Ana auna jeri da ma'auni biyu: nawa ne daidai cikin abin da manhajar ta kamo, nawa kuma ta kamo cikin abin da ya kamata. Faɗaɗa jeri yakan ɗaga na biyu, ya rage na farko, kuma sai mutum ya saurari samfurin kiraye-kiraye da kunnensa ake gane inda aka tsaya. Kalmomin da aka tsamo daga bakin kwastomomi sun fi waɗanda manajoji suka zauna suka ƙago. Muryar da aka naɗa bayani ne na sirrin mai ita a ƙarƙashin dokar GDPR ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, da Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023. Kalmar da cibiya ba za ta iya faɗin dalilin nemanta ba bai kamata ta shiga jerin ba.