Al-Ahly ta Alƙahira: Asalinta da Abin da ya Riƙe ta

Mafi yawan masu sha'awar tamaula a ƙasarmu, idan aka ambaci Al-Ahly, abin da ke faɗo musu a rai shi ne 'yan wasa masu jajayen riguna waɗanda suka hana ƙungiyoyin Afirka sakat. Amma wanda Allah ya nufa da zama a Alƙahira, ya yi cuɗanya da ma'abota wannan sha'ani kamar yadda na yi sa'ad da nake aikin labarun wasanni a can, ya san ƙwallon ƙafa reshe ɗaya ne daga rassan wani babban kulob wanda ya riga shi kafuwa.

Ranar 24 ga Afrilu 1907 aka kafa kulob ɗin, zamanin da Masar ke hannun Turawan Ingila, manyan wuraren wasanni da shaƙatawa kuwa galibi na baƙi ne. Umar Lutfi Bek, shugaban kulob na ɗaliban manyan makarantu, shi ya kawo shawarar a yi wa 'yan ƙasa nasu, inda samari za su motsa jiki, su kuma yi muhawara a kan makomar ƙasarsu. Da yake mutanen masu basira ne, sai suka ɗora wani Bature, Mitchell Innes, mai ba da shawara a ma'aikatar kuɗi, a kan shugabancin farko, domin neman fili a tsibirin Jazira ya zo da sauƙi. Da buƙata ta biya, shugabanci ya koma hannun Aziz Izzat Basha. Sai a 1911 aka buɗe sashen ƙwallon ƙafa, a shekarar ce kuma wani lauya ɗan Beljiyam ya kafa kulob ɗin da ya yi ta sauya suna, har ya taɓa ɗaukar sunan Sarki Faruƙ, kafin ya tabbata a kan Zamalek. Adawar da ke tsakaninsu ta raba gidaje da unguwanni, ta kai ga sau da yawa sai an ɗauko alƙalin wasa daga wata ƙasa.

Da aka fara gasar lig ta Masar a 1948, Al-Ahly ta ci tara na farko a jere. A cikin samarin wancan zamani Salih Salim ya fito, wanda daga baya ya shugabanci kulob ɗin sau biyu, ya rasu yana kan kujera a 2002. Dattawan Jazira kuwa ba ƙwallayensa suka fi tunawa ba, abin da suke ambato shi ne ƙa'idarsa cewa Al-Ahly tana gaba da kowa, ɗan wasa kome shahararsa idan ya saɓa ladabi sai a hukunta shi, ko da gobe ne wasan ƙarshe. Ƙungiyar ta yi sanyi a shekarun 1960, yaƙin 1967 kuma ya tsayar da gasa na wasu shekaru, sai da aka ɗauko Hidegkuti, tsohon gwanin Hungari, a matsayin koci a 1973, sannan ta farfaɗo da sababbin yara irin su Mahmud Al-Khatib.

Ina ganin ba za a fahimci wannan farfaɗowa ba, ko waɗanda suka biyo bayanta, sai an shiga harabar kulob ɗin da la'asar sakaliya. Mai gadi yana duba katin kowa a bakin ƙofa. Iyaye mata suna janye da yara masu jakunkunan kayan iyo. Can 'yan ƙwallon hannu da na kwando da na raga suna atisaye. Tsofaffi sun kewaye tebur da kofunan shayi, suna tsefe wasan jiya kamar masu bitar karatu. Waɗannan mutane su ne masu kulob, su ke biyan kuɗin shekara, su ke zaɓen shugaba da ƙuri'arsu, ɗa kuma ya taso ya tarar da sunan ubansa a rajista. Saboda haka idan ƙwallon ƙafa ya yi rauni shekara biyu ko uku, gidan ba ya rushewa.

Kofin zakarun Afirka na farko ya zo a 1982, bayan an doke Asante Kotoko ta Kumasi, wadda ta rama a wasan ƙarshe na 1983. Na biyu a 1987, a kan Al-Hilal ta Sudan. A 2000 hukumar ƙwallon Afirka ta ba Al-Ahly laƙabin gwarzuwar ƙarni. Daga nan zamanin koci Manuel José ɗan Fotugal ya shigo da kofuna huɗu, 2001, 2005, 2006 da 2008, duk wanda ya ga ƙwallon da Muhammad Abu Trika ya zura wa Sfaxien a Tunisiya ana gab da tashi a 2006 ba zai manta da shi ba. Mu ma muna da rabonmu a wannan tarihi, domin a 2009 Kano Pillars ta yi kunnen doki 1-1 da Al-Ahly a gida, ta je Alƙahira aka tashi 2-2, ta fitar da mai riƙe da kofi, abin da har yau Masu Gida ke alfahari da shi, kuma sun cancanta.

Musiba mafi girma ta auku ranar 1 ga Fabrairu 2012 a Fot Sa'id, bayan wasa da Al-Masry, inda aka far wa magoya bayan Al-Ahly a cikin fili, ƙofa a rufe, mutum fiye da 70 suka rasa rayukansu, galibinsu samari, waɗansu a ɗakin sauya kaya suka cika a gaban 'yan wasa. Allah ya jiƙansu da rahama. Aka soke gasar shekarar, aka hana 'yan kallo shiga filaye shekara da shekaru, manyan 'yan wasa suka ce sun bar ƙwallo kafin a lallashe su. Duk da wannan jarrabawa, ƙungiyar ta ci kofin Afirka a 2012, ta sake ci a 2013. Al-Khatib, yaron Hidegkuti na jiya, mambobi suka zaɓe shi shugaba a 2017. A ƙarƙashinsa aka doke Zamalek 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2020, kofunan zakarun Afirka suka cika 12 a 2024, 'yan ƙwallon kwando ma suka ci gasar BAL ta Afirka a 2023.

Ƙungiyoyinmu kuwa galibi na gwamnatocin jihohi ne, arzikinsu yana tashi yana faɗuwa da sauyin mulki. Ina kira ga attajirai da dattawan tamaula na Kano da Katsina da Damagaram da su buɗe rajistar mambobi masu biyan kuɗin shekara, su bar musu zaɓen shugabanni, su kuma nemi filin da zai zama mallakar ƙungiya, wanda yara maza da mata za su riƙa shiga kowace yamma.