Yadda Bulon Robar Yara Ya Koma Kadarar Manya: Tarihin Jiragen Sama Jannati Na LEGO

Yau mu ɗan ajiye maganar saitin waya, tarihi na kawo muku. Idan kana yawo a YouTube ko TikTok, ina kyautata zaton ka taɓa cin karo da wani bature mai furfura, ɗakinsa cike da kantoci na gilashi, an jera jiragen sama jannati na roba, yana ɗago ɗaya a hankali kamar mai riƙe da ƙwai. Ka ce a ranka, wannan babba da shi me ya haɗa shi da kayan wasan yara? Ni ma haka na ce da farko. Da na ga farashin kwali ɗaya ya kai dala 800, kuɗin babbar waya sabuwa dal, sai na zauna na bi diddigin abin.

Labarin ya faro ne daga Billund, wani ƙaramin gari a ƙasar Danmak. A 1932, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya ga aikin gini ya yi ƙasa, sai ya koma yin kayan wasa na katako, su agwagwa da motoci. A 1934 ya raɗa wa sana'ar suna LEGO, daga kalmomi biyu na yarensu masu ma'anar a yi wasa da kyau. A 1949 suka fara buga 'yan bulullukan roba, amma ƙasansu holoƙo ne, ba sa riƙe juna, kana ɗaga ginin sai ya wargaje. Ɗansa Godtfred ne ya yi rajistar maganin matsalar ranar 28 ga Janairu 1958: aka sa 'yan bututu a ƙarƙashin bulon, su ne ke damƙe 'yan ƙusoshin da ke saman na ƙasa. A 1963 kuma aka koma wata roba mai ƙwari da ake kira ABS, irin wadda kake gani a jikin rimot da madannan kwamfuta.

Ka riƙe wannan wurin da kyau, don duk abin da zai biyo baya a kansa ya hau. Tun 1958 ba su canja awon ba. Milimita 8 ne daga tsakiyar ƙusa ɗaya zuwa ta kusa da ita, a wancan lokacin da yau. Bulon da aka buga kafin a haifi babanka zai shiga cikin wanda aka buga bana, ya zauna daram. Mu da muke gyaran waya mun san darajar wannan. A dirowata akwai caja mai kaurin baki ta tsohuwar Nokia, da mai siririn baki, da mai faɗin nan ta Sony Ericsson, da micro USB, duk sun zama tarkace tun da Type-C ya shigo. Waya mai shekara bakwai ma kafin ka samo mata sikirin sai ka sha yawo. Shi kuwa wanda ya ajiye bulonsa na yarinta, shekara arba'in bayan nan yana buɗe kwalin zai ci gaba daga inda ya tsaya. Abin da ba ya mutuwa shi ake iya tarawa.

To ina maganar sama jannati ta shigo? A 1969 Amurka ta sauke mutum a kan wata, a 1977 fim ɗin Star Wars ya fito ya rikita duniya. Yaran Turai da Amurka na lokacin ba su da zance sai na kumbo. A 1978 LEGO ta fito da ɗan mutum-mutuminta mai launin ɗorawa, mai hannu da ƙafa masu motsi, kuma a daidai wannan lokaci ta buɗe jerin kayan sararin samaniya. Mai zanen da ya jagoranci aikin shi ne Jens Nygaard Knudsen. Jiragen shuɗi ne da toka-toka, gilashinsu ɗorawa, kowane ɗan sama jannati da tambari a ƙirji: wata duniya, ɗan kumbo na zagaya ta. Babban jirgin jerin, Galaxy Explorer, ya fito a 1979.

Wani abin dariya, kamfanin ba ya son kayan yaƙi a wasan yara, don haka 'yan sama jannatin farko masu bincike ne kawai, kowa na murmushi, babu abokin gaba. Abubuwan da aka maƙala a gaban jiragen a hukumance eriya ce da na'urorin awo. Yara kuwa ba su tambayi kowa ba, bindigogi suka mayar da su. Sai a 1987 aka kawo Blacktron masu baƙaƙen kaya, waɗanda kowa ya ɗauka a matsayin 'yan ta'adin sararin samaniya, a 1989 aka kawo 'yan sandan da za su kama su, a 1990 M-Tron masu maganaɗisu. Haka aka yi ta tafiya.

Yaran nan suka girma, suka shiga makaranta da neman aure da neman abinci, kwalaye suka koma saman silin. Masu wannan sha'awa har suna suke da shi ga wannan tsakanin, suna ce masa shekarun duhu. Abu biyu ne suka fito da su daga duhun. Na farko intanet, inda kowa ya gano ashe ba shi kaɗai ba ne babban da ke son abin a ɓoye. A shekarar 2000 wani matashi mai suna Dan Jezek ya buɗe kasuwar intanet da aka sani yau da BrickLink, inda za ka sayi bulo guda ɗaya tak, mai launi kaza, daga wani mutum a wata ƙasa. Mu ce Kasuwar Farm Centre ce ta 'yan LEGO, komai ƙanƙantar abin da ya ɓace maka akwai mai shi. Daga ranar da aka samu kasuwa mai farashi a fili, tsohon kwali ya zama kadara.

Na biyu shi ne Star Wars. A 1998 kamfanin ya yi asara, a 1999 ya fito da kayan Star Wars da lasisin Lucasfilm, daidai da fitowar sabon fim ɗinsu. A cikin gida an yi ta ja-in-ja, don kalmar yaƙi na cikin sunan fim ɗin kansa. Amma kaya suka yi kasuwa, kuma aka lura ba yara kaɗai ke saye ba, har da iyayen da suka kalli fim ɗin farko suna ƙanana. Shi ya sa a 2000 aka buɗe jerin Ultimate Collector Series, manyan jirage na ajiyewa a kanta, kowanne da ɗan allon bayaninsa. X-wing da TIE Interceptor ne na farko.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya miƙe. Kayan fim suna tafiya ne shekarar da aka saki fim, shekarar da babu kuwa sai kwantai. A 2003 da 2004 kamfanin ya kusa durƙushewa, bashi ya yi masa katutu. Aka ɗauko Jørgen Vig Knudstorp, matashi ɗan shekara talatin da 'yan kai, mutum daga wajen dangin, ya shugabanci kamfanin. Ya rage yawan nau'o'in bulon da ake bugawa, aka sayar da wuraren shaƙatawa na Legoland a 2005, aka kuma fara sauraron manyan masu saye da a da ake yi wa kallon mutane masu abin mamaki.

Yanzu ga wurin da ya fi ja hankalina. A 2007 aka fito da Millennium Falcon, jirgin Han Solo, guda 5,195 a kwali ɗaya, a kan dala 500. Mutane suka ce wa zai sayi wannan? Bayan 'yan shekaru aka daina bugawa, farashinsa a hannun 'yan kasuwa ya tashi, wanda ba a ɓare ba ya kai dubban daloli. Nan fa wasu suka buɗe ido. Aka samu masu saye uku ko huɗu su jibge a sito, ba su taɓa yanke salatif ɗin kwalin ba. Har masana a wata jami'a ta Mosko sun bi farashin kaya sama da dubu biyu daga 1987 zuwa 2015, suka ce a matsakaici darajarsu na ƙaruwa da kusan kashi 11 cikin ɗari a shekara. Jaridu suka yi ta yayata cewa LEGO ta fi zinare.

Sai 2017 ta zo. Kamfanin ya sake fito da Millennium Falcon, wanda ya fi na da kyau da yawan kaya, guda 7,541, tsawonsa ya haura santimita 80, a kan dala 800. Wanda a da zai biya dubbai don ya samu tsohon, yanzu ga sabo a shago. Farashin tsohon ya sauko. Kamar mutumin da ya ɓoye wata waya yana jiran ta yi tsada ne, ya wayi gari kamfani ya saki wadda ta fi ta. A ganina masu jibgewa a sito sun manta abu ɗaya: zinare ba wanda ke da injin buga shi, shi kuwa wannan injinsa na nan a hannun kamfani, ranar da suka ga dama za su kunna. Wanda ya saya don ya zauna da dare ya haɗa abinsa, shi bai yi asarar komai ba a 2017.

Daga nan kamfanin ya daina ɓoye-ɓoye. Yana da dandalin LEGO Ideas, inda kowa zai iya ɗora zanensa, idan mutum 10,000 suka goyi baya sai a duba yiwuwar bugawa. Ta nan motar Back to the Future ta fito a 2013, da rokar Saturn V a 2017, wadda aka sa mata guda 1,969 da gangan don tuna shekarar sauka a wata. A 2019 suka saye BrickLink ɗin kanta, ka ga mai buga kaya ya zama mai kasuwar gwanjonsu. A 2020 suka fara buga 18+ a jikin baƙaƙen kwalaye. A 2022, cikar kamfanin shekara 90, aka dawo da Galaxy Explorer na 1979 cikin babban siffa, guda 1,254, kai tsaye don aljihun yaran da yanzu sun haura hamsin. A 2024 har jirgin fim ɗin Dune mai fukafukai irin na mazari aka yi.

Inda kuɗi ya shiga kuma jabu na biye. Haƙƙin mallakar ainihin bulon ya ƙare tuntuni, don haka wasu kamfanoni na yin nasu mai shiga cikin na LEGO, kuma wannan halas ne a doka. Kwafe zanen jirgi da hoton kwali shi ne laifi, kuma a kansa 'yan sandan Sin suka kai samame masana'antar Lepin a 2019, daga baya aka ɗaure masu ita. Har yau irin waɗannan kaya na yawo a manhajojin sayayya, da hoton orijinal da farashin da bai kai kwata ba.

Idan wata rana ka ga irinsu a manhaja ko a tulin kayan wasa na gwanjo, ga yadda muke yi wa sikirin ɗin waya, haka za ka yi musu. Kunna kyamarar wayarka ka zuƙo hoton kan ƙusoshin: na gaske kowace ƙusa ɗaya akwai LEGO rubuce a kanta da ƙananan haruffa, a ƙarƙashi kuma galibi akwai lambar bulon. Lambar da ke jikin kwali, misali 75192 ta Falcon ɗin 2017, ka rubuta ta a BrickLink ka ga hoton da yawan kayan ko sun yi daidai. Ka duba farare da masu launin toka, idan sun koma ruwan ɗorawa rana ce ta dafa su, irin yadda bayan waya mai garai-garai ke yi, kuma hakan na karya farashi. Idan kuma ka ci karo da ɗan sama jannati mai tambarin duniya da kumbo a ƙirji, duba haɓar hular kwanonsa, don tsofaffin a nan suke tsagewa. Tsagewar ta shahara har a fim ɗin The Lego Movie na 2014 an yi wani shuɗin ɗan sama jannati mai suna Benny da hularsa a tsage a daidai wurin.