Tsakanin Ɗauka da Ɗorawa: Yadda Daftari Ya Mayar da Gajeren Bidiyo Sana'a

Duk wanda ya tashi ba da tarihin gajeren bidiyo a kafafen sada zumunta, da jerin manhajoji yake farawa: Vine, Instagram, Musical.ly, TikTok, sai Reels da Shorts. Daga nan sai ya koma lissafin tsawon bidiyo, yadda aka taso daga daƙiƙa 6 har aka kai minti 10. Wannan lissafi daidai ne, amma ya tsallake abin da mu masu wannan aiki muka fi jin sauyinsa a hannu. Abin da ya raba wasa da sana'a a wannan fage shi ne damar da aka ba mai ɗauka ya ajiye bidiyon da bai gama ba, ya tafi harkokinsa, ya dawo ya yanke, ya ƙara, ya sake jere, tun kafin idon kowa ya sauka a kai. Shi ne daftari, wanda 'yan TikTok ke kira diraf. Ina ganin duk wani ci gaba da aka samu a ingancin gajeren bidiyo daga wannan ƙaramar ma'ajiya ya faro, kuma raunin da ya fi damun sana'ar a yau ma a cikinta yake.

A watan Janairun 2013 Vine ta fito, bayan Twitter ta saye ta daga hannun waɗanda suka ƙirƙire ta, Dom Hofmann da Rus Yusupov da Colin Kroll. Tsarinta mai sauƙi ne ƙwarai. Ka ɗora yatsa a fuskar waya tana ɗauka, ka ɗage ta tsaya, har daƙiƙa 6 su cika. Babu hanyar shigo da bidiyo daga ma'ajiyar waya, babu yanke gutsuren da ya ɓaci, babu ajiye aiki zuwa gobe. In aka yi tuntuɓe a gutsure na huɗu, sai a zubar da ukun farko a sake daga tushe. Masu yin bidiyon motsa kayayyaki, waɗanda ke matsar da cokali ko 'yar tsana kaɗan-kaɗan suna taɓa waya sau da yawa, su suka fi shan wahala, domin kuskure guda yana iya cinye aikin awa biyu. Wannan ƙunci ya koya wa mutanen farko tsara komai a ka kafin su taɓa waya, kuma darasi ne mai amfani har yau. Sai dai ya taƙaita irin labarin da za a iya bayarwa: duk abin da ba zai faru a zama ɗaya ba, ba shi da wuri a Vine ta farko.

Gasa ce ta buɗe ƙofar. A watan Yunin 2013 Instagram ta kawo bidiyo mai daƙiƙa 15, tare da maɓallin goge gutsuren ƙarshe, sannan a watan Agusta ta ba da damar shigo da bidiyo daga waya. Vine ta mayar da martani a watan Oktoba da abubuwa biyu: Sessions, wanda ya ba mutum damar ajiye ayyuka har 10 da bai kammala ba, da Time Travel, wanda ya ba shi damar cire gutsure, ko sauya masa wuri, ko maye gurbinsa kafin ya ɗora. A ganina wannan ne asalin daftari kamar yadda muka san shi. Sai a watan Agustan 2014 Vine ta amince a shigo da bidiyo daga waje. Kafin nan ma ƙwararru sun riga kamfanin, domin irin su Zach King, wanda ya yi suna da bidiyon siddabaru, a kwamfuta suke tace aikinsu. Wato masu sana'a ne suka fara nuna cewa suna buƙatar tazara tsakanin ɗauka da ɗorawa, kamfanoni suka biyo baya. Instagram ta kawo nata wurin ajiye daftari a watan Satumban 2016, wata guda kafin Twitter ta sanar da cewa za ta rufe Vine.

Zamani na biyu ya zo da sauti. Musical.ly, wadda ta fito a 2014, ta gina komai a kan bin waƙa da baki, sai ByteDance, mai manhajar Douyin ta 2016, ya saye ta a watan Nuwamban 2017, ya haɗe ta da TikTok a watan Agustan 2018. A nan ne daftari ya zama wurin aiki na yau da kullum, saboda an haɗa shi da agogon ɗauka, wanda ke ba mutum damar sa alama a kan sauti ya ce a nan kyamara za ta tsaya. Dubi yadda mai kwalliyar amare ke amfani da shi. Da safe za ta ɗauki fuskar amarya babu komai, daidai wani bugu na kiɗa ta rufe kyamara da tafin hannu, ta ajiye. Bayan awa uku, an gama kwalliya an ɗaura ɗankwali, sai ta buɗe daftarin, ta tsayar da amarya a daidai inda ta tsaya ɗazu, ta fara ɗauka da hannu a rufe, ta janye shi a kan bugu na gaba. Mai kallo zai ga ƙiftawar ido ce. Haka tela ke ɗaukar shadda tana yadi ranar Litinin, ya ƙara gutsuren babbar riga ranar Alhamis. Haka mai barkwanci ke fitowa a matsayin uwa da ɗa, ya ɗauki maganar ɗaya, ya ajiye, ya sauya kaya, ya dawo ya amsa wa kansa.

Da aikin ya yi nauyi, sai daftari ya fita daga cikin manhajar ɗorawa ya samu gidansa. ByteDance ya fitar da manhajar tace bidiyo mai suna Jianying a China a 2019, a 2020 kuma ta isa sauran duniya, ita ce aka sani da CapCut. A 2020 ɗin ne Instagram ta fito da Reels a watan Agusta, YouTube ta fara gwada Shorts a Indiya a watan Satumba. TikTok ta ƙara tsawon bidiyo zuwa minti 3 a 2021, sannan minti 10 a 2022, kuma bidiyo mai wannan tsawo ba ya haɗuwa da kyau a zama guda. Ga ƙasar Hausa wannan sauyi yana da nauyi na musamman. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa, tace fim aiki ne na mai kayan aiki, sai an je situdiyo an biya edita. Yanzu yarinya a Zariya ko saurayi a Maraɗi yana da teburin tacewa a aljihu, yana sa rubutun Hausa a ƙasan bidiyo, yana daidaita murya, yana cire inda mai babur ya gifta. Kuma da yake data na da tsada, mutane da yawa sukan gama aikinsu su ajiye har sai sun samu hanyar ɗorawa mai sauƙi.

Akwai masu cewa daftari ya kashe gaskiyar gajeren bidiyo. A cewarsu daɗin Vine ta farko shi ne ana ganin mutum yadda yake, amma yanzu an goge kowane tari da kowace in'ina, har rayuwa ta koma talla. Akwai gaskiya a wannan koke, domin filta da yanke-yanke sun sa matasa da yawa suna auna kansu da fuskokin da babu su a zahiri. Sai dai laifin yana wajen niyyar mai aiki. Ma'ajiyar da ke ba wani damar ɓoye ƙurajen fuska ita ce ke ba malamin makaranta damar gyara shekarar da ya faɗa ba daidai ba, ita ce ke ba ma'aikaciyar jinya damar ƙara gargaɗin da ta manta a bayanin magani. Kuma an riga an gwada komawa ɗanyen ɗauka. Manhajar BeReal ta Faransa, wadda ta yi tashe a 2022, minti 2 take ba mutum ya ɗauki hoto ya tura. Mutane sun ji daɗinta na ɗan lokaci, amma ba ta haifar da sana'a irin wadda TikTok ta haifar ba, saboda abin da aka hana gyarawa ba ya tara gwaninta.

Wasu kuma ta fuskar sauri suke kawo suka. Sun ce yayi a TikTok kwanaki kaɗan yake yi, sautin da ke tashe yau zai iya mutuwa kafin mako ya zagayo, don haka mai jinkiri ya yi asara. Sun ƙara da cewa daftari ya zama makwancin ayyukan da tsoro ya hana a saki. Kowa a cikinmu ya san wannan ciwo, wayoyi cike da bidiyon da ba za su taɓa fita ba. Amma in aka duba yadda masu cin abinci da wannan aiki ke tafiyar da shi, daftari ne ke ba su saurin. Sukan ware rana guda su ɗauki bidiyo da yawa lokacin da haske ke da kyau kuma gida ya yi shiru, su jere su, su riƙa saki ɗaya bayan ɗaya. In wani yayi ya taso, suna da gutsattsarin da za su ɗauko su ɗora wa sabon sauti nan take. Wanda ba shi da ajiya shi ne kullum ke cikin gaggawa, yana ɗauka da rana tsaka, yana saki da kurakurai, ranar da ya kwanta rashin lafiya kuma shafinsa ya yi tsit.

Amfanin daftari da ya fi girma shi ne lokacin tunani. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma a TikTok haka abin yake: bayan an ɗora, ana iya taɓa rubutun da ke ƙasa, amma hoton da muryar sun tafi, in ma an goge to wani ya riga ya sauke ya tura a WhatsApp. A watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci hukuncin bulala 20 kowanne da share harabar kotu na kwana 30, kan bidiyon da aka ce sun ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun soki hukuncin, kuma sukar tana da tushe. Don haka kada a fahimci maganata a matsayin kiran mutane su yi shiru saboda tsoron masu mulki. Abin da nake nufi shi ne, wanda zai faɗi magana mai nauyi ya fi kowa buƙatar dare guda tsakaninsa da maɓallin ɗorawa, ya tabbatar da hujjarsa, ya cire zagin da zai raunana ta, ya rufe fuskar yaron da ya shigo hoto ba da sanin iyayensa ba. Sukar da ta kwana aka tace ta ta fi wadda aka saki cikin fushi tsayawa da ƙafarta.

Akwai suka guda da ba ni da amsar da za ta kore ta, wato cewa daftarin ba a hannunmu yake ba. A TikTok, a cikin wayar yake zaune, ba ya bin mutum zuwa sabuwar waya, kuma in aka goge manhajar ya tafi. A watan Yunin 2020 Indiya ta haramta TikTok tare da wasu manhajojin China, 59 gaba ɗaya, masu sana'a suka wayi gari babu dandali. A watan Fabrairun 2024 kamfanin Universal ya janye waƙoƙinsa daga TikTok har zuwa watan Mayu, bidiyoyin da aka gina a kansu suka koma babu sauti. A watan Janairun 2025 TikTok da CapCut sun ɗauke na ɗan lokaci a Amurka, kuma a daidai lokacin Instagram ta sanar da tata manhajar tacewa mai suna Edits. Sirrin ma ba cikakke ba ne. A 2021 TikTok ta amince ta biya dala miliyan 92 don sasanta ƙararraki a Amurka, waɗanda a cikin zarge-zargensu har da kwasar bayanai daga bidiyon da masu su ba su wallafa ba, ko da yake kamfanin bai amsa laifi ba. A nan gida kuma waya takan kwana wurin mai gyara ko mai caji, kuma duk abin da ke cikinta yana iya fita.

Wannan bai rage darajar daftari ba, ya dai nuna inda ya kamata sana'ar ta dosa. Daga 2013 zuwa yau masu aiki sun samu ikon gyara kafin saki, saura ikon mallakar abin da suke gyarawa. Ga duk mai ɗaukar bidiyo da nufin ya zame masa abin yi, shawarata ita ce ya ɗauka da kyamarar wayarsa, ya ajiye ainihin gutsattsarin a wani wuri na biyu, ya sauke kwafin kowane daftari mai muhimmanci kafin ya taɓa manhajar ko ya miƙa wayar ga mai gyara, ya kuma fifita muryarsa da sautin da yake da haƙƙinsa a kan na aro. Abin da bai yarda duniya ta gani ba, kada ya ɗauke shi tun farko. Masu koya wa matasa wannan aiki kuma su sa tacewa da ajiya a darasin farko, kafin maganar tara mabiya.