Libarbar Nasara a Ƙasar Kurfai: Yadda Ake Karanta Shekarunta a Jikin Ƙarfe

Daga cikin kayan gado da ƙungiyoyin raya al'adu kan nema domin adanawa, takobi da mashi da kwari ba su cika ba da wahala ba, domin maƙeran gida suka ƙera su, kuma dattawa sun san asalinsu. Ƙaramar bindiga mai ganga, wadda ake kira libarba, ita ce baƙuwa a cikinsu. Idan aka fito da ita daga ƙasan adaka a Filinge ko Shikal ko Bonkuku, sau da yawa labari ne zai biyo ta: a ce kyautar Nasaran farko ce, ko a ce ganimar yaƙin Firhun ce. Labarin na iya zama gaskiya. Sai dai ita bindigar tana ɗauke da tata shaidar a rubuce, kuma kafin a shigar da maganar baka cikin littafin tarihin gari, ya kamata a saurari abin da ƙarfen ya faɗa.

Da farko sai a tambaya ta wace hanya irin wannan makami zai iso Dallol Boso. Kurfayawa na ƙarni na 19 sun yi faɗace-faɗacensu da baka da kibiya da mashi da takobi. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Burusel, wadda ta hana sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani, aka bar musu bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Saboda haka libarba ta shigo ne a ƙugun hafsan Faransa. Sun kafa bariki a Doso a 1898, ayarin Bule da Shanuwan ya ratsa Arewa da Ƙonni a 1899, aka kafa Yankin Soja na Uku a 1900, kuma a farkon sabon ƙarnin Filinge ta zama barikin soja, Mayaƙi Gado Namalaya ya zama sarkin da Faransawa suka ɗora kan Kurfai. Duk labarin da ya kai libarbar sojan Faransa Kurfai tun kafin waɗannan shekaru, sai an yi masa tambayoyi da yawa.

Iri biyu ne sojan Faransa ya riƙe a wancan zamani, kuma ba a bukatar gwani kafin a bambanta su. Ta farko ita ce samfurin 1873, ƙirar Chamelot da Delvigne: mai kauri, nauyinta ya haura kilo ɗaya, harsashinta milimita 11, jikinta farin ƙarfe ne da ba a rina ba, gangarta sumul. Gangar ba ta fitowa waje; ta wata ƴar ƙofa a dama ake ɗura harsashi ɗaya bayan ɗaya. Tana da ƙanwa, samfurin 1874, wadda aka yi wa hafsoshi: an rina ta baƙa, an sassaƙe gangar da kwarmi-kwarmi don rage nauyi.

Ta biyu, wadda ta fi dacewa da shekarun mamayar Nijar, ita ce samfurin 1892. Siririya ce, nauyinta wajen giram 840, tana cin harsashi shida na milimita 8. Alamarta da ba ta ɓuya ita ce gangar tana buɗewa ta faɗo gefen dama, alhali yawancin libarbobin Amurka hagu suke buɗewa. A gefen hagu kuma akwai marfin ƙarfe da ke buɗewa kamar ƙyaure, a ga kayan cikinta kowanne da lambarsa. Masana'antar makamai ta gwamnati da ke Sent-Etiyen ta ƙera kimanin 350,000 tsakanin 1892 da 1924. Jama'a sun laƙa mata sunan Lebel, ko da yake Kanar Lebel ba shi da hannu a ƙirarta, ya ma rasu tun 1891.

A nan ne mafi yawan masu duba ke tuntuɓe. A saman bututun an rubuta "Mle 1892", sai mai karatu ya ɗauka shekarar da aka ƙera ta ke nan. Wannan shekarar samfuri ce, tana kan wadda aka yi a 1893, tana kan wadda aka yi a 1921. Shekarar ƙira tana gefen dama na bututun, inda aka buga harafin S, wato Sent-Etiyen, sannan shekara ta biyo, kamar "S 1898" ko "S 1914". A jikin bindigar ta dama akwai sunan masana'antar da rubutu mai lanƙwasa, "Mre d'Armes St Etienne", da lambarta ta kanta, harafi ɗaya gaba da alƙaluma. Samfurin 1873 ma haka tsarinsa yake, kuma a kansa an maimaita lambar a kan sassa da dama, ta yadda idan lambar ganga ta saɓa da ta jiki, an san an yi mata kwaskwarima da kayan wata. Idan kuwa siffar ta 1892 ce amma babu sunan masana'antar gwamnati, to ta kasuwa ce, daga ƙananan maƙeran Sent-Etiyen ko na Beljiyam. Akwai kuma waɗanda Faransa ta saya daga garin Eibar na Sifaniya lokacin Yaƙin Duniya na Farko, da nata suka kasa: harsashinsu ɗaya da na 1892, amma siffarsu kwaikwayon na Amurka ce, kuma ba za su girmi 1915 ba.

Ƴan ƙananan na aljihu, masu gajeren baki da kunama mai naɗewa, labarinsu daban. Waɗannan kayan farar hula ne, na ɗan kasuwa ko ma'aikacin ofis, kuma akasarinsu daga Liyej ta Beljiyam suka fito. Da yawa ba su da sunan maƙeri ko kaɗan. Abin dubawa shi ne hatimin gwaji a bayan ganga: haruffa uku, E da L da G, cikin da'ira mai siffar ƙwai. Idan da'irar ba ta da kambi a kanta, an gwada bindigar kafin 1893. Idan da kambi, daga 1893 zuwa gaba ne. Wadda ake kira Velo-Dog, da aka yi wa masu keke don korar karnuka, ba ta fito ba sai 1894. Hatimin Liyej iyaka kawai yake bayarwa, ba ya faɗin shekara ɗaya tak kamar na Sent-Etiyen.

Yanzu a gwada wannan da babban abin da Filinge ta gani. A 1916 Firhun, sarkin Abzinawan Iwillimmeden, ya tsere daga hannun Faransawa a Gawo, ya tayar da yaƙi, ya far wa Menaka, sannan ya taso wa Filinge a watan Afrilu. An karya rundunarsa a Andarambukan a watan Mayu, aka kashe shi a watan Yuni. To, idan wani gida ya ce libarbarsa daga wannan faɗa ta fito, aka duba bututu aka ga "S 1920", magana ta ƙare: ba a ƙera ta ba tukuna ranar da aka yi yaƙin. Idan aka ga "S 1904", labarin ya tsira daga ƙaryatawa, amma bai tabbata ba. Samfurin 1892 ya yi aiki a yaƙin duniya na farko da na biyu, ya daɗe a hannun jandarmomi bayan haka, saboda haka wadda aka ƙera a 1904 tana iya isowa Kurfai a 1906, lokacin tarzomar Kobkitanda da Karma, tana kuma iya isowa a 1946 cikin kayan tsohon soja. Ƙarfe yana faɗin ranar da bindiga ba za ta girma ba. Ranar zuwanta gari kuwa, da hannun da ya kawo ta, sai daga bakin mutane da takardun bariki.

Wannan bai rage darajar maganar baka ba. Bindigar da aka danganta da Firhun bisa kuskure tana iya zama ta wani kaka da ya yi soja a Turai ya dawo, kuma wannan tarihi ne da ya cancanci rubutawa da sunansa na gaskiya. A Kurfai musamman, makamin Nasara yana da ma'anar da ta wuce harbi. A Shikal ne, wajen 1925, aka fara borin Babule, wanda aka fi sani da Hauka, ta hannun wata mata mai suna Shibo. Iskokinsa sojoji ne da kumandodi, masu yinsa suna fareti da bindigogin itace, suna ƙin bin Gado Namalaya, har kumandan Yamai, Croccichia, ya sa aka kama su aka tsare. Jama'ar da ta sassaƙa bindiga da itace don ta kwaikwayi mai mulki ta san sarai abin da ta ƙarfen take nufi a ƙugun hafsa, kuma ba mamaki gidan da ya mallaki ɗaya ya jingina ta da babban yaƙi.

Babbar barazana ga wannan shaida ita ce kyakkyawar niyya. Mai gida ya ga tsatsa, ya sa yaro ya goge da yashi ko toka don ta yi ƙyalli, sai harafin S da shekararsa su tafi tare da tsatsar, domin hatiman ba su da zurfi. Tsumma mai laushi da ɗan mai sun isa. Kada a gwada harba ta, kada kuma a ɗauka babu harsashi a ciki don ta tsufa. Tsufa bai fitar da ita daga dokar mallakar makami ba, don haka ƙungiyar da ke son nuna ta ga jama'a sai ta bi ta hannun hukuma, ko ta nemi shawarar gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai. Malamin da ya je gidan da take sai ya kwafi duk rubutun jikinta harafi-harafi, ya ɗauki hoton gefe biyu da saman bututu da bayan ganga, sannan a wata takarda dabam ya rubuta labarin masu ita yadda suka faɗe shi, da wanda suka ji daga bakinsa, tun kafin ya gaya musu shekarar da ya karanta a bututun.