Hijirar 'Yan Mormon: Yadda Korarru Suka Kafa Birni

Mu da muke zaune a nan kudu, da wuya a ce ba mu taɓa cin karo da samarin nan ba. Bibbiyu suke tafiya, da farar riga da ɗan allon suna a ƙirji. Su ne ake kira 'yan Mormon. To, bari mu ɗan waiwayi inda suka fito, don tarihinsu tarihin kora ne da hijira.

Wani Ba'amurke, Joseph Smith, shi ya kafa cocinsu a jihar Niyok a 1830, bayan ya fito da Littafin Mormon, wanda ya ce mala'ika ne ya nuna masa inda aka binne shi. Sauran Kiristoci ba su yarda ba. Ban da saɓanin aƙida, maƙwabta sun tsargu da su saboda junansu suke ciniki, kuma in zaɓe ya zo wuri ɗaya suke zuba ƙuri'a. A 1838 gwamnan Misuri, Lilburn Boggs, ya ba da oda a kore su ko a hallaka su. Sai a 1976 aka soke wannan oda.

Suka koma Ilinoi, suka gyara wata fadama a bakin kogin Misisifi, suka gina garin Nauvoo. Nan ma zama bai yi daɗi ba. A 1844 hukumar garin, da Smith a kan gaba, ta sa aka farfasa injin wata jarida da ta soki auren mata da yawa da yake yi. Aka tsare shi a kurkukun Carthage, ran 27 ga Yuni 'yan tarzoma suka afka suka harbe shi tare da wansa Hyrum.

Jagoranci ya koma hannun Brigham Young. A Fabrairun 1846, cikin tsananin sanyi, suka fara tsallake kogi suka nufi yamma. Ɗaruruwa suka mutu a zangon da suka yada a bakin kogin Misuri. Ayarin farko, mutum 148, ya isa kwarin Tafkin Gishiri a Yulin 1847, tafiyar mil 1,300 daga Nauvoo. Busasshiyar ƙasa ce, sai da suka janyo ruwan rafi sannan garma ta kama.

Abin da ya riƙe su shi ne tsari. Kowa yana ba coci ushirin abin da ya samu. A 1849 suka kafa asusun ɗauko talakawansu: a biya maka kuɗin hanya, in ka zauna da gindinka ka mayar, a ɗauko wani. Da shi dubbai suka zo daga Ingila da sauran ƙasashen Turai. Marasa shanu kuwa amalanke suka tura da hannu. A 1856 dusar ƙanƙara ta rutsa da ayari biyu, sama da mutum 200 suka rasu.

Amma fa wanda aka zalunta shi ma yana iya zalunci. Sun mamaye filayen 'yan asalin ƙasar da suka tarar, kuma a 1857 dakarunsu suka kashe matafiya wajen 120 a Mountain Meadows. Da gwamnatin Amurka ta matsa lamba, coci ya sanar da daina auren mata da yawa a 1890, Yuta ta zama jiha a 1896.

Baƙar fata kuwa an hana su limanci har 1978. A wannan shekarar ce masu wa'azinsu suka iso Nijeriya, a 2005 kuma suka buɗe haikalinsu a Aba. Don haka in mun sake ganin samarin nan a bakin kasuwa, mun dai san doguwar hanyar da ta kawo su.