«Faci» a tarihin kwamfuta: abin da ya auku a 2017

Kalmar «faci», aro daga Ingilishi, a bakin masu gyaran taya aka san ta. Ita ce ta dace da «correctif» na Faransanci, watau gyaran da ke toshe ɓarakar manhaja.

Ran 14 ga Maris 2017, Microsoft ya fitar da facin Windows. Daga 12 ga Mayu, cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200.000 cikin ƙasashe 150, waɗanda ba a yi wa facin ba. Asibitocin Ingila suka maida majinyata gida, Renault ya tsaida aiki a Faransa.

Tun Janairu 2020 aka daina ba jama'a facin Windows 7. Saboda haka duk kwamfutar da ke aiki da shi, a Tabotaki, Buza ko Madawa, ɓarakarta a buɗe take muddin ta hau intanet.