Daga Gandu Zuwa Jami'a: Ilimin Tattali a Karkarar Arewacin Kano

Sanin tattalin dukiya ya daɗe a karkarar arewacin Kano tun kafin a fara ba da digiri a kansa. A ƙasashen Ungogo, Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi da Dambatta jama'a ta yi yawa, gona ta yi kaɗan, har ba a barin ƙasa ta huta. A da, a gandu ake koyon lissafin. Maigida ne ke raba aiki tsakanin ƙanne da 'ya'ya, ya yanka wa kowa gayauna, ya ƙayyade damin da za a ci da wanda za a zuba a rumbu, ya fitar da kuɗin haraji. Da rani jakuna kan kai itace birni, su dawo da taki a mangala.

An ga amfanin wannan sani da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun sa ran auduga, amma manoma suka auna farashi da wahalar aiki, suka rungumi gyaɗa. Attajirai irin su Alhassan Dantata suka baza dillalai ƙauyuka, Kano ta zama cibiyar cinikinta.

Bayan samun 'yanci masana suka juyo kan wannan karkara. Michael Mortimore ya yi bincike a ƙasar Ungogo, aka buga sakamakon a 1965. A Samaru kuma David Norman ya nuna cewa haɗa gero, dawa da wake a gona ɗaya dabara ce mai riba, wadda ke rage asara idan damina ta gaza.

Ƙofar digiri ta buɗe a Kano ta hanyar Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta kasance reshen Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Daga 1978 hukumar JAMB ta karɓi shirya jarrabawar shiga jami'a. Ɗalibin tattalin arziki ko gudanar da kasuwanci kan yi shekara huɗu yana karanta lissafi, ƙididdiga da aikin akanta, da yadda ake auna tsadar samar da kaya, a yanka farashi, a hango buƙatar kasuwa.

'Ya'yan manoman da suka kammala kan sami aiki a bankuna, da hukumar raya aikin gona ta KNARDA, da kasuwar hatsi ta Dawanau, inda ake cinikin riɗi, zoɓo da wake zuwa ƙasashen waje.